Kwalbar Dizal ta Hajiya

A wurin aikina yanzu samfurin mai yana zuwa ne a 'yar kwalba mai murfin roba da aka matse da ƙarfe, babu ta inda iska za ta shiga. Ka jera su a faranti, ka danna, injin farko ya raba man gida-gida, ya tura kowane gida cikin injin na biyu da kansa, kai kana zaune kana latsa waya. Abin da nake yi ke nan yanzu haka. Amma samfurin farko da na taɓa kawowa ɗakin gwaji da hannuna, a kwalbar maganin ƙarin jini ya zo, naɗe a tsohon kallabin kakata.

Can wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ni 'yar Salaga ce ta wajen uba, 'yar Bawku ta wajen uwa, amma a Kumasi na girma, gidan gwaggona, saboda makaranta. Lokacin na gama karatu ina sabis, wato bautar ƙasa, a wani ɗakin gwaji. Aikina yawanci wanke kwalabe ne da auna abin da aka ce in auna. A gida kuwa ana faɗa wa mutane wai ina aiki da injin da ke gane komai.

Baba da wansa, Alhaji, sun haɗa hannu sun sayi tsohuwar tarakta suna yi wa manoma huɗa. Wata shekara ana dab da damina dizal ya yi wuya a Salaga. Kawu kuma, wan Mma mahaifiyata, shi ya riƙe ta bayan rasuwar babansu, yana da 'yar rumfar sayar da mai a Bawku. Na san rumfar tun ina yarinya, muna zuwa hutu. Durorin mai a jere, mazurari, galan-galan, da wani benci da ya sha mai har ya yi baƙi. Kawu ya aiko cewa yana da dizal, a zo a ɗauka. Baba ya bi motar doya ya tafi, ya dawo da duro a tsakanin buhunan albasa.

Gidanmu na Salaga asalinsu fataken goro ne. Goron ya ƙare tun kafin a haife ni, an koma doya da hatsi, amma wasu al'adun cinikin ba su ƙare ba. Ɗaya daga ciki ita ce shaida. In an sayi kaya, sai a ɗebi kaɗan a gaban mai saye da mai sayarwa, a kawo gida a ba babbar mace ta ajiye. In magana ta taso daga baya, a fito da shi kowa ya gani. Da goro ake yi, aka dawo ana yi da masara da gyaɗa. Baba da ya je Bawku sai ya ce a yi da dizal ma. Kawu ya yi dariya, ya ce ku 'yan Salaga har ruwan sha sai kun ajiye masa shaida. Amma ya samo kwalba wankakkiya, ya cika daga duron a gaban Baba, ya ɗaura baƙin zare daidai inda man ya tsaya, ya murɗa murfi. Baba ya kawo ya ba kakata Hajiya, mahaifiyarsu shi da Alhaji.

Ana tsakiyar huɗa tarakta ta tsaya a gonar wani ba ta sake tashi ba. Aka ɗauko makanike daga Tamale. Ya kwance famfon mai, ya ce ya cinye kansa. Ya sa yatsa a tanki ya murza, ya sansana, ya ce man nan ya yi ruwa-ruwa, kamar an zuba masa kananzir. Wai kananzir ba shi da santsi, yana goge famfo. Iyakar abin da ya ce ke nan, kamar. Ya tsiyaye sauran man a ƙasa ya tafi. Duron kuma ya riga ya ƙare, har an fara tara ruwan sama a ciki.

Alhaji ya cire kalmar kamar ɗin ya faɗi maganar a kasuwar doya. Direbobi suka kai ta Bawku. Kawu ya aiko da amsa ta bakin direbobin, wai taraktar ta girmi masu ita, a nemi mai laifi a wani wurin. Daga nan Alhaji ya ce babu wanda zai sake taka Bawku daga gidan nan sai magana ta fito fili. Baba ya shiga ɗaki ya maimaita wa Mma. Bai yi rantsuwa ba, bai ambaci saki ba. Ya ce kawai bai yarda ta je ba sai an gama.

Mahaifiyar Mma kuwa tana Bawku a kwance, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Duk wanda ya zo daga can sai ya ce tana tambayar 'yarta. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kusa, Mma ba ta je ba. Tana girki, tana shara, tana kai wa Hajiya ruwan alwala.

Ni ban san abin ya kai haka ba sai da na zo gida hutu. Baba ya kira ni zaure, ya ce an ce injinku yana gane mai. Na ce yana gane wasu abubuwa. Ya ce in an zuba kananzir a dizal zai gane? Na ce ina jin zai gane. Ya ce to shi ke nan. Alhaji yana gefe yana jan carbi, ya ce in takarda ta ce man lafiya yake, shi da kansa zai je Bawku ya ba da haƙuri. Ya faɗa ne irin faɗar wanda ya san ba zai je ba.

Hajiya ta jawo kwalbar daga ƙarƙashin gado, kusa da ɗan huhun goronta. Har lokacin ba ta rabuwa da goro, na cinta da na baƙi. Murfin a murɗe yake tam. Na ga man ya sauka ƙasa da zaren kamar yatsa biyu. Na ɗauka a hanya ya zuba tun farko. Ta naɗe ta a kallabi, ta ce, "Riƙe ta da kyau, uwar boko. Ta fi ki daraja a gidan nan yanzu."

Na ce, "Hajiya, ni da ita wa kika fi so?"

Ta ce, "Ita ba ta yi min rashin kunya."

Mma tana madafa tana tankaɗe. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta ce wani abu game da Kawu. Ba ta ce ba. Ta ce in duba da kyau, ta ba ni ƙullin gari da kifi busasshe.

Na ɗora kwalbar a cinya daga Salaga zuwa Makango, muka haye tafki a fantun, jirgin ruwan da ke ɗaukar motoci, muka sauka Yeji, muka kama hanyar Kumasi. Jakata ta yi warin dizal har ƙarshen sabis ɗina.

Shugabar ɗakin gwajin wata mata ce babba da kowa ke ce wa Madam. Ba ta son hayaniya, ba ta son a taɓa mata sirinji. Na yi mata bayani rabi-rabi, na ce na gida ne. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce duk samfurin da aka ce na gida ne akwai faɗa a bayansa. Ta ce in jira a gama aikin mutane, in kuma wuta ta tsaya. Wancan lokacin ana yawan ɗauke wuta, injin kuma in ya mutu a tsakiyar aiki sai an sake daga farko. Na jira. Kwalbar tana cikin kabad, ni ina wanke kwalaben wasu.

Injin da muke ce wa GC akwati ne mai tanda a ciki. A cikin tandar akwai wani siririn bututu mai tsawo sosai a nannaɗe. Ka ɗebi ɗigon mai da sirinji ka soka ta sama, zafi ya mai da shi tururi, iskar gas ta tura shi cikin bututun. Abubuwa marasa nauyi su fara fitowa, masu nauyi su biyo baya yayin da tandar ke ƙara zafi. A bakin fita akwai 'yar wuta, duk abin da ya fito ya ƙone, alƙalami ya zana tsini a kan takarda mai tafiya. Ni na ɗauka shi ke nan, a soka a karanta.

Madam ta bar ni na soka man yadda yake. Takardar ta fito da wani ƙaton tudu, tsinaye sun hau kan juna, ba ka gane na wane ne. Ta ce kin ga, wannan kasuwa ce ta tashi kowa ya nufi ƙofa ɗaya. Dizal ba abu ɗaya ba ne, ɗaruruwan abubuwa ne, da yawa kuma nauyinsu ya yi kusa, tare suke fitowa. Ta ce sai mun fara raba su gida-gida da ruwa, sannan mu ba injin kowane gida shi kaɗai.

Ta ba ni dogon bututun gilashi mai famfo a ƙasa, shi ne kolum. Na cusa auduga a gindinsa, na cika shi da farin garin silika da aka gasa a tanda, ina ɗan bubbuga gefe don ya zauna babu rami. Karon farko ya tsage, ta ce in zubar in sake. Da ya zauna, muka ɗiga man kaɗan a sama, muka bi shi da ruwan sinadari na farko. Shi wannan yana kwasar 'yan gidan da jikinsu yake miƙe kamar sarƙa, garin ba ya riƙe su, su suke fara sauka. Na tare su a kwalba. Sai ruwa na biyu mai ƙarfi, shi kuma ya kwaso masu zobe, waɗanda garin ya ɗan riƙe. Madam ta ja labule ta haska wata fitila mai shuɗin haske, na ga wani zobe yana ƙyalli yana saukowa a hankali cikin farin garin. Na tare shi a kwalba ta biyu. Can sama kuma wani layi ruwan ƙasa ya maƙale bai motsa ba, sai da ruwa na uku ya wanko shi.

Ina tsaye ina kallon ɗigo yana sauka, sai na tuna yadda Hajiya ke zaɓen goro. Fari gefe, ja gefe, sannan ta koma kowane tsibi ta ware manya da ƙanana. Ban faɗa wa Madam ba. Ba irin hirar da muke yi ba ce.

Muka yi wa dizal mai kyau daga gidan mai haka, muka yi wa wani da Madam ta zuba masa kananzir da gangan, don mu samu abin kwatance. Sannan muka soka kwalba ta farko ta kowanne. Yanzu takarda ta fito tsaf, tsinaye a jere kamar haƙoran mataji, suna hawa suna sauka. Na dizal mai kyau tudu ɗaya ne. Wanda aka zuba wa kananzir yana da ƙarin tudu a gaba, wajen marasa nauyi, ko yaro zai gani. Na ji daɗin wannan. Na ce to ai abin mai sauƙi ne.

Namu ya fito babu tudun gaba. Na ce Kawu ya fita. Madam ta ɗora takardarmu kan ta dizal mai kyau ta ɗaga su a hasken taga. Haƙoran gaba na namu sun fi na mai kyau ɗin ma gajarta. Na farko-farkon babu su sam. Kwalba ta biyu ma haka, masu zobe marasa nauyi duk sun tafi.

Ta ce, "Wa ya buɗe kwalbar nan?"

Na ce babu wanda ya buɗe, a rufe take tun daga Bawku.

Ta ɗauki kwalbar ta dubi zaren, ta cika wata irinta da ruwa ta murɗa mata murfin namu ta kife, ko ɗigo bai fita ba. Ta ce murfin lafiya yake. Man nan ya sha iska, ya daɗe yana sha. Marasa nauyi su suke fara guduwa, kananzir kuma yawancinsa marasa nauyi ne. In an zuba, ya tafi. In ba a zuba ba, ba mu da hanyar nunawa. Ta nuna min wani ɗan tudu a tsakiya, ta ce wannan yana iya zama wutsiyar kananzir, yana iya kuma zama haka dizal ɗin yake tun asali, tunda man kan iyaka ba daga matata ɗaya yake zuwa ba. Layin ruwan ƙasa kuwa, ta ce yawancinsa ba na mai ba ne, ya fi kama da abin da ya fito daga ganye ko itace.

Na ce to me zan faɗa a gida? Ta ce abin da takarda ta faɗa. Ta yage takardun ta naɗe min da roba, ta ce in wanke kolum kafin in tafi.

Na wanke. Na fita na sayi kenke, dokunun masara, da kifi a bakin hanya na ci a tsaye. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji komai ba, yajin ma ban ji shi sosai ba.

Na isa Salaga ranar Alhamis da yamma. Na ce wa Baba in huta tukuna. Hajiya ta karɓi kwalbarta ta mayar ƙarƙashin gado. Washegari da hantsi ina zaune a barandarta, ta jawo huhun goro kamar yadda take yi duk Juma'a. Ta buɗe ganye, ta baza goron ya sha iska, ta tsince masu sankara, ta yayyafa ruwa. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbar, ta kwance murfin ta jefa a gwangwanin alluranta. Ta girgiza man, ta ajiye shi a inuwa baki buɗe. Ta yagi ganyen goro mai ɗanshi ta fara murɗa shi kamar toshi.

Na ce, "Hajiya, me kike yi?"

Ta ce, "Kin kulle ta a ƙarfe tun da kika tafi, ko tausayi babu. Abin da aka toshe gumi yake yi, ya ruɓe."

"Da ma haka kike mata?"

"To da fa? Tun ranar da ubanki ya kawo ta. Ganye nake sa mata, Juma'a in buɗe ta ta sha iska. Murfin don tafiya na mayar. Kayan amana ne, ba a wasa da shi." Ta dube ni. "Me injin naku ya ce?"

Na ce bai gama magana ba. Ta ce ai ta sani, injin ba ya sauri sai wajen lalacewa. Ta ba ni rabin farin goro na ci.

Bayan an sauko masallaci na sami Baba shi kaɗai a rumbun doya. Na faɗa masa duka, na nuna masa takardun, na nuna inda haƙoran suka ɓace, na faɗa masa abin da na gani a baranda. Ya daɗe yana kallon takarda a juye. Sannan ya ce kada Hajiya ta ji, kada Alhaji ya ji. Ya ce tsohuwa ce, tun kakanmu yana raye ita ke riƙe shaidar gidan nan, ba a taɓa samunta da kuskure ba. Na ce to Mma fa? Ya ce zai san yadda zai yi.

An riga an shirya zama a Yendi, tunda tana tsakani, gidan wani tsoho Badagombe mai sayar da hatsi, wanda nan ne masaukin 'yan gidanmu tun zamanin goro, Kawu ma ya san shi. Baba ya yarda Mma ta bi mu ta gaida wanta, iyakarta Yendi. Ta fito da 'yar jaka. Na karɓa zan riƙe mata, na ji ta fi nauyin jakar yini ɗaya. Ban tambaya ba.

Zauren tsohon yana kusa da tasha, kana jin yaran mota suna kiran Bimbila, Tamale, Gushegu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, shi yana jero tambaya mu muna amsa naa, naa. Kawu ya rame. Da ya gan ni ya ce, "Dakta, an ce ke ce alƙali yau. Ki tuna wa ke saya miki tsire a Bawku." Alhaji ya ce ai cin hancin ya yi kaɗan. Aka ɗan yi dariya, ba da yawa ba. Mma ta zauna a tabarma ta bayan ƙofa.

Na shimfiɗa takardun uku a ƙasa, na danne gefensu da takalmi da buta. Na nuna dizal mai kyau, na nuna mai kananzir, na nuna namu. Kawu ya sunkuya ya ce ai ga shi nan babu tudun. Na ce babu, amma man ya sha iska, abin da za a gani ya riga ya tafi. Ba zan iya cewa an zuba ba, ba zan iya cewa ba a zuba ba.

Kawu ya ce, "Ban gane ba. Wanke ni kika yi ko kama ni?"

Na ce, "Ko ɗaya, Kawu."

Ya koma ya jingina da bango. Alhaji ya ce to wa ya rufe kwalbar tun farko? Wanda ya san abin da ya zuba ai ya san irin murfin da zai sa. Na ce an gwada murfin, lafiyarsa ƙalau, ba daga Bawku iskar ta shiga ba. Ya ce to daga ina, tunda a ɗakin Hajiya take, ko kaza ba ta shiga?

Na dubi Baba. Mma ma shi take kallo. Ita a gidan take, duk Juma'a ita ke share barandar bayan an gama zaɓen goro. Tun da na ce man ya sha iska ta gane, na gani a fuskarta. Ba za ta ambaci surukarta a zauren maza ba. Jira take mijinta ya faɗa.

Baba yana kallon takardun. Ya gyara butar da ta danne gefe. Ya ce, "A bar maganar nan haka. Allah ne Ya san gaskiya."

Tsohon mai masauki ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Ina jin ya fahimci wani abu, don ya ce tunda shaida ta tsufa sai a yafe wa juna. Alhaji ya ce shi ya yafe tarakta, amma abin da ba a wanke ba, ba a wanke ba, maganarsa tana nan. Kawu ya ce shi bai nemi yafiyar kowa ba. Ya juya wajen Mma ya ce tsohuwa ta daina cin abinci sosai, da ya fito ta tambaye shi ko tare za su dawo. Ya miƙe ya sa takalmi ya fita tasha.

Aka kawo tuwo babu wanda ya ci da yawa. Na naɗe takarduna. Sai Mma ta tashi ta ɗauki jakarta, ta durƙusa gaban Baba kamar yadda take yi in za ta je unguwa.

Ta ce, "Malam, zan je in ga uwata."

Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Alhaji ya buɗe baki, tsohon ya ɗora masa hannu a gwiwa. Ta ɗan jira. Sannan ta miƙe.

Na raka ta tasha. Motar ta wajen Gushegu ce, daga can su sake wata. Kawu ya riga ya zauna a gaba, da ya gan ta sai ya sauko ya ba ta wurin ya koma baya. Ta taga ta ce min in koma aikina kada in makara, in kuma riƙa cin abinci, na rame. Na ce to. Na tsaya har motar ta cika, ta daɗe ba ta cika ba, muna ta kallon juna. Na sayi ruwan sanyi na miƙa mata. Da suka tashi na koma zaure, muka kama hanyar Salaga ni da Baba da Alhaji, suna hirar farashin doya.

Ta sami mahaifiyarta da rai, ta yi jinyarta har ta rasu bayan girbi. Baba ya je gaisuwa shi kaɗai, ya kwana a masallacin unguwa, ya dawo shi kaɗai. An yi arba'in, Mma ba ta dawo ba. Babu wanda ya saki wani. Akwatunanta suna ɗakinta na Salaga, Baba ya riƙe makullin. Duk kaka yana aika mata doya da motar da ke zuwa Bawku, ita kuma ta aiko da albasa. In na je wajenta tana tambayata ko yana shan maganinsa. In na je wajensa yana tambayata ko ɗakin da take ciki yana yoyo. Taraktar tana bayan gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Kawu ya ci gaba da ce min Dakta, amma bai sake yi min maganar tsire ba.

Hajiya ba ta taɓa sani ba. An ce mata injin bai gane ba, ta ce da ma. Tunda maganar ba ta mutu ba, shaida ba ta tashi aiki ba, ta ci gaba da riƙonta. Zuwana na ƙarshe kafin ta rasu ya faɗo ranar Juma'a. Idonta ya yi rauni, da lalube take tsince goron. Ta ɗauko kwalbar, ta zare tsohon ganye, ta girgiza. Man ya yi kauri ya yi duhu, ya sauka nesa da zaren. Ta ajiye ta a inuwa, ta ce in yago mata sabon ganye. Na yago na jiƙa na miƙa mata.

Tana murɗa shi ta ce, "Uwarki fa, har yanzu jinyar ba ta ƙare ba?"

Na ce saura kaɗan.